Anet, ganyen ƙamshi na lokacin ɗari: shuka, ajiya da iyakar maganinshi

 Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani, garka ta zama gona ta biyu ga talakan Nijar. Salati da shu da karoti da tumatir, waɗanda a da ake ce musu cimar birni, yau da wuya a sami kasuwar ƙauyen da ba su kai ba. Sai dai kowa ya san abin da kan faru in watan Fabrairu ya kama: kayan kowa su nuna lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, mai tumatir ya wuni cikin rana ya koma gida da abin da bai biya wahalar ban ruwa ba. Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauko wani ɗan tsiro wanda ba ya cin wuri, ba ya ruɓewa in an san ajiyarshi, yana shiga tukunya, yana kuma shiga kofin magani. Sunanshi anet.

Wane irin tsiro ne?

Anet shi ne sunan da ake karantawa a jikin ƙunshin iri mai rubutun Faransanci. In ƙunshin daga Najeriya ya fito, dil za a gani. Larabawa kuwa shibit suke ce mishi. Ɗan dangin karoti ne da farsil da anis, wato yajin yawon da manoman Jiratawa ke nomawa a bakin Gulbin Maraɗi. Ganyenshi ya yi kama da na karoti, amma ya fi shi siranta, kamar zare. Karanshi kogo ne a ciki, tsawonshi kan kai mita ɗaya in ya sami ƙasa mai kyau. Furenshi ruwan ɗorawa ne, yana buɗewa kamar laima a ƙolin kara. Shekara ɗaya yake yi: ya tsira, ya yi ganye, ya yi fure, ya zuba ƙwaya, ya bushe.

A kasuwa sunayen ƙwayoyin wannan dangi sukan cuɗe, sabili da haka mu koyi rarrabewa da ido da harshe. Ƙwayar anet shafaffiya ce kamar an danne ta, launin ƙasa-ƙasa, gefenta da ɗan haske, tsawonta milimita 4 zuwa 5, wato ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. In an tauna ta za a ji ƙamshi mai ƙarfi da ɗan ɗaci. Ƙwayar anis kuwa kumburarriya ce, toka-toka, tana da zaƙi a baki, furen anis kuma fari ne.

Asalin anet ƙasashen bakin Bahar Rum ne da yammacin Asiya. An tarar da shi a kabarin Fir'auna Amenhotef na biyu, wanda ya yi sarauta a Masar wajen shekara 1400 kamin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi. Ibn Sina, babban likitan musulmi da ya rasu a 1037, ya lissafa shi cikin magunguna a littafinshi Alƙanun. Yau mutanen Iran suna dafa ganyen da shinkafa da wake, mutanen Indiya suna miya da shi suna kuma tauna ƙwayar bayan cin abinci, Rasha da arewacin Turai kuwa da kifi da dankalin turawa suke cin shi.

Abu ɗaya muke so mai karatu ya riƙe kamin mu shiga garka. Duk darajar anet tana cikin wani ɗan mai da ke ɓoye a ganye da ƙwaya. Shi ne ƙamshin, shi ne maganin. Kuma kaɗan ne ainun: a kilo ɗaya na ƙwaya, man da ke ciki wajen giram 20 zuwa 40 ne. Mai ne mai tashi, zafi da rana da iska suna tafiya da shi. Duk dokokin da za mu zana a ƙasa, daga ranar shuka har zuwa murfin kwalba, na tsare wannan mai ne.

Lokacin shuka

Anet ba ya ƙaunar zafi. Da ya ji rana ta yi ƙarfi, ko ya sha ƙishirwa kwana biyu, sai ya bar yin ganye ya miƙe ya fid da fure tun yana ƙarami. A ƙasarmu lokacinshi ɗari ne. Mu shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu. Wanda ya shuka ran 15 ga Nuwamba zai fara tsinkar ganye a ƙarshen Disamba, ya ga fure a Janairu, ya yanke ƙwaya tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, kamin zafin bazara ya kai awo 40. Wanda ya jinkirta har Fabrairu, kara zai samu da ɗan fure, ganyen ba zai cika tafin hannu ba.

Mai son ganye ya daɗe mishi, kada ya zuba irin duka rana ɗaya. Ya shuka layi biyu yau, bayan sati biyu ko uku ya shuka wasu biyu. Kamin na farko su tsufa, na biyu sun isa tsinka.

Gyaran fangali

A zaɓi wurin da rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya. Ƙasa mai ɗan rairayi da taki ta fi; laka mai riƙe ruwa tana ruɓar da saiwa. A kauce wa fangalin da aka yi karoti ko farsil bara, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Musamman ƙananan tsutsotsin nan na cikin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi gudaji-gudaji. Bayan albasa ko tafarnuwa wuri ne mai kyau.

Mu ɗauki fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5. A kafce shi da zurfin taƙi ɗaya da rabi, a farfasa hoge, a zuba ruɓaɓɓen taki kilo 10 zuwa 15, a cuɗa. Mun ce ruɓaɓɓe: ɗanyen kashin dabba yana ƙona jaririn tsiro, yana kawo ciyawa da gara. Takin zamani mai yawa kuma yakan sa anet ya yi tsawo da laushi, ƙamshin ya ragu, iska ta kwantar da shi.

Ba a dashen anet. Wannan shi ne kuskuren da mai garka ya fi saurin yi, don hannunshi ya saba da tumatir da shu da albasa. Saiwar anet guda ce doguwa mai nutsawa ƙasa kamar ta karoti, in an tumɓuke ta ta ji ciwo, tsiron zai tsaya ko ya yi fure ba lokaci ba. A wurin da aka shuka shi, nan zai ƙare kwananshi.

A ja layi 4 bisa tsawon fangali, tsakanin layi da layi santimita 25. Zurfin layi kada ya wuce santimita 1, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Giram 5 na iri sun ishi wannan fangali. Da yake ƙwayar ba ta da nauyi, a gauraya ta da busasshen rairayi tafi biyu don ta barbazu daidai. A rufe da ƙasa mai laushi, a ɗan danna da tafin hannu, a ba da ruwa da arozuwar mai rariya a baki. Ruwan guga in an kwarara shi yana tone irin ya tara shi wuri ɗaya. A shimfiɗa ɗan busasshen haki a sama don ƙasa ta riƙe laima, a ɗauke shi ranar da aka ga tsiro ya leƙo. Fitowar tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, wani lokaci fiye. Kada a yanke ƙauna a kwana na bakwai a kafce fangali.

In tsiro ya kai tsawon yatsa, sai a rage shi kamar yadda muke cirar hatsi. Inda ake son ganye, a bar santimita 10 tsakani. Inda ake son ƙwaya, a bar santimita 20. Ga lissafi ga ɗalibai: layi mai mita 5, santimita 500 ke nan, in an raba da 20, tsiro 25, layi 4, tsiro 100. Waɗanda aka cire ba a zubar da su, miyar ranar ce.

Ban ruwa kullum ne, safe ko marece, arozuwar 3 zuwa 4 na lita 10 ga fangalin, gwargwadon ƙasa. Hannu ne ma'auni: a tura yatsa, in an ji laima a ƙasa ya isa, in ƙasa tana manne wa yatsa ya yi yawa. In ƙwaya ta fara ƙosawa a rage ruwa. Ciyawa kuwa a cire ta da hannu a satin farko-farko, don jaririn anet siriri ne, kowace ciyawa ta fi shi ƙarfi. Sai iskar hunturu. Kara mai kogo ba ya jure mata, musamman in kai ya yi nauyi da ƙwaya. A yi darni na karan hatsi ta gefen gabas da arewa, ko a kafa sanduna a ja igiya gefen layi.

Ƙwari

Babban abokin gaba darɓa ce. Tana taruwa a ƙolin kara da ƙarƙashin fure, tana tsotse ruwan tsiro, ganye ya yi danƙo. In an gan ta da wuri, a yanke wurin da ta taru a binne. In ta yaɗu, a daka busassun ɗiyan dogon yaro giram 500, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da marece. A dakata da tsinkar ganye sati ɗaya, sannan a wanke shi da kyau don ɗaci.

A nan muna jan kunne da babbar murya. Ganyen anet ɗanye ake cin shi, ko a jefa shi tukunya daf da saukewa. Kada a fesa mishi maganin ƙwarin kaɗa, ko piya-piya, ko wani ruwan kwalba marar takarda da aka saya a tebur. Kada kuma a zuba irin waɗannan a cikin ƙwayar da aka ajiye. Dafi ne, kuma abin da aka fesa yau a bakin yaro zai ƙare gobe.

Anet ma yana da nashi alheri ga garka. In ya yi fure, zuma na zuwa, da wasu ƙananan ƙudaje masu kama da zuma waɗanda tsutsotsinsu ke cin darɓa, da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi wanda shi ma darɓa ce cimarshi. Barin tsiro biyar ko shida su yi fure kusa da fangalin shu ba asara ba ne.

Tsinkar ganye da yankan ƙwaya

Ana fara tsinka sati 6 zuwa 8 bayan shuka, in tsiro ya kai taƙi ɗaya. A yanka da wuƙa ko almakashi da sassafe, daga ganyen ƙasa, kada a ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsiro a rana ɗaya. Ganye ya fi ƙamshi daf da fitowar fure. Da fure ya buɗe, ƙarfin tsiro ya koma can, sabon ganye ya tsaya. Layin da aka ware don ƙwaya kuwa a bar mishi ganyenshi, da shi zai ciyar da ƙwayar.

Ƙwaya tana nuna wata 3 zuwa 4 bayan shuka, amma kawunan ba su nuna tare. Laimar tsakiya ce ke fara ja, na gefe su biyo baya, sabili da haka yanka biyu ko uku ake yi. Alamar ita ce ƙwaya ta bar kore ta koma ƙasa-ƙasa. In an jira ta bushe ƙarau a tsaye, iska da tsuntsu sun riga mu. A yanke kai da ɗan kara da sassafe, lokacin da bai cika kakkaɓewa ba, a ɗora bisa zane mai tsabta cikin inuwa, ya yi kamar sati ɗaya ana juyawa. Sannan a murje da hannu, a sheƙe da faifai a hankali, wurin da babu iska mai ƙarfi.

Wajen ware irin baɗi akwai wata dabara. Mutum yakan so ya ɗauki kan da ya fara nuna, yana ganin shi ne mai ƙwazo. A'a. Tsiron da ya yi gaggawar fure, ɗiyanshi ma gaggawa za su yi, ganye ya ragu kowace shekara. A ɗaura ƙyalle a jikin tsiron da ya fi yawan ganye, ya fi ƙamshi, ya kuma yi jinkirin fure, daga gare shi za a ɗebi iri. Kamin shuka ta gaba a gwada: ƙwaya 20 cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan sati biyu, in 14 ko fiye sun tsira iri ne mai kyau. In ba su kai 10 ba a nemi wani.

Ajiya

Ɗanyen ganye ba ya wuce kwana biyu ko uku. A naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye gindin randa, ko a tsoma karan cikin kofin ruwa.

Mun saba shanya kuɓewa da tumatir da tattasai a rana bisa tabarma, kuma hakan daidai ne gare su. Ganyen anet in aka yi mishi haka, kamin la'asar ya zama haki: koren ya tafi, ƙamshin ya tafi, ba mai saye ba mai ci. A inuwa ake busar da shi. A wanke, a girgiza ruwan, a ɗaure ƙananan dami waɗanda ba su fi kaurin yatsa biyu ba, a rataye cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. A yafa siririn ƙyalle don ƙurar hunturu da ƙuda. Da busasshiyar iskar ɗari, kwana 3 zuwa 5 sun isa. In an murza ya karye yana ƙara, ya bushe. In yana lanƙwasawa, da saura, kuma wanda aka rufe da saura fumfuna zai yi.

A zuba cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, wankakke, busasshe, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man inji ba. A rufe ram, a ajiye wuri mai duhu nesa da murhu. Leda mai haske da ake ratayawa a rana bakin tebur ita ce kabarin ƙamshi. Ganye da ƙwaya kowa da kwalbarshi. Kada a daka ƙwaya sai ranar amfani, don gari yana saurin sakin mai. Ga kuma inda karatunmu zai yi rana: a rubuta suna da watan ajiya a takarda a manna. Busasshen ganye ƴan watanni yake yi ƙamshin ya fara raguwa, a cinye shi kamin damina ta yi nisa. Ƙwaya kuwa tana kai shekara, har fiye.

Mutanen Rasha suna da wata hanya: a yayyanka ɗanyen ganye, a cuɗa kilo 1 da gishiri giram 200, a danna cikin kwalba a ajiye wuri mai sanyi. Mai amfani da shi ya rage gishirin miya, mai hawan jini kuwa ya tsaya ga busasshe. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne jiƙa ɗanyen ganye cikin mai a ajiye a ɗaki, don wata ƙwayar cuta mai mugun dafi tana iya girma inda iska ba ta shiga.

Game da kasuwa, shawararmu ita ce a fara da fangali ɗaya. Bakin mutanenmu bai saba da ganyen ba tukuna, masu sayenshi ɗanye sun fi yawa a manyan birane kamar Yamai, wajen masu dafa abincin baƙi. A nemi mai saye kamin a cika garka. Ƙwaya da busasshen ganye su ne ke iya jiran farashi.

A tukunya

Ganye ba ya son wuta. Sai an kusa sauke tukunya ake jefa shi, ko a barbaɗa a kwano. Ƙwaya kuwa tana jure dahuwa. A ɗan soya ta ba mai, a daka, a sa tun farko tare da sauran kayan yaji. Ganyen yana kashe ƙarnin kifi, ko na kogin Isa ne ko na tabkin Madarunfa. Yana tafiya da dankalin turawa, da soyayyen ƙwai, da salati, da kindirmo da aka yanka kokwamba ciki. Ƙwayar a gwada ta a tukunyar wake da ta shu. A fara da kaɗan, don maigida da yara su saba.

Giram 100 na ɗanyen ganye suna ɗauke da bitamin C wajen miligiram 85, fiye da na lemun zaƙi. Amma wa ke cin giram 100 na anet a zama ɗaya? Kayan ƙamshi ne. Ganyen gina jiki har yanzu zogale ne da rama da yakuwa da kuka, kada a tumɓuke su don a ba baƙo wuri.

Maganin da ke cikinshi, da inda ya tsaya

Abin da aka daɗe da sanin ƙwayar anet da shi shi ne kwantar da kumburin ciki, da iska, da nauyin ciki bayan cin abinci. Man nan yana sassauta murɗawar hanji, iska ta sami hanya. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta ɗora wa tantance magungunan itatuwa ya yarda da ƙwayar don wannan damuwa, ya ƙayyade giram 3 a yini ga babba. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya wajen giram 2 yake ɗauka, ke nan cokali ɗaya da rabi ne rabon yini duka. A ɗan farfasa rabin wannan, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe da faifai ko murfi minti 10, a tace a sha bayan abinci; sauran rabin da dare. Rufewar tilas ce, in ba haka ba maganin ya bi tururi. Tauna ƴan ƙwayoyi kuma yana gyara warin baki.

Iyakarshi ke nan. Ciwon cikin da ya wuce kwana uku, ko mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko wanda ya zo da zazzaɓi, da aman jini, da baƙin kashi, da rama, wannan na gidan likita ne a ranar. Zawo kuma maganinshi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a narka cikin ruwa mai tsabta lita 1, yaro a haɗa mishi da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikacin lafiya zai nuna. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganin likita don an ce mishi anet na yi. Mace mai ciki ta ci shi a miya ba laifi, amma ta bar shan jiƙonshi da tataccen manshi har ta sauka. Wanda karoti ko farsil ke sa ma ƙaiƙayi ko kumburin baki, ya nisanci wannan ma.

Maganar jarirai

Wataƙila uwaye da yawa sun san anet ba su san sun san shi ba. Ƴan kwalaben nan da aka rubuta Gripe Water a jikinsu, waɗanda ake saye wa jariri mai kukan ciki, man ƙwayar anet ne a ciki tare da bikarbonat, ɗan uwan kanwa. Wani mai haɗa magani a Ingila, Wiliyam Wudwad, shi ya fito da shi a 1851. Shekara fiye da 100 ana sayar da shi da sukari da barasa a ciki, sai a farkon shekarun 1990 aka cire barasar a Ingila. Har yau babu wani bincike mai ƙarfi na likitoci da ya tabbatar ruwan nan yana tsai da kukan jariri.

Mun kawo wannan labari don mun san abin da zai zo a ran wata uwa ko kaka: tun da ga ƙwayar a garka, bari a dafa a ɗura wa jinjiri, kamar yadda aka saba da bauri. Muna roƙo, kada a yi. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsai da shawara cewa daga haihuwa har wata 6 jariri nonon uwa kaɗai zai sha, tun daga dakashin farko. Ba ruwa, ba bauri, ba jiƙon anet. Kusan kashi 9 cikin 10 na nonon uwa ruwa ne, yana kashe ƙishirwa ko da bazara. Cikin jariri ƙarami ne. In an cika shi da jiƙo zai rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu. Ruwan da cokalin da hannun da aka ba shi da su kuma, ta nan zawo ke shiga, zawo kuwa a jikin ɗan wata biyu ba ya ba da lokaci. Zuma ma da ake sawa don zaƙi, ba a ba yaro ita sai ya cika shekara.

Kukan marece da jarirai ke yi suna naɗe ƙafa yakan tsananta wajen sati na 6, ya ragu da kanshi a wata na 3 ko na 4. Abin yi: a bar shi ya ƙare nono ɗaya kamin a juya shi ga ɗayan, a ɗora shi a kafaɗa ana shafa bayanshi har ya yi gyatsa, a goya shi, a shafa cikinshi a hankali da hannu mai ɗumi. Amma in ya ƙi kama nono, ko jikinshi ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko cikinshi ya kumbura ya yi tauri, ko yana koren amai, ko an ga jini a kashinshi, ko ya yi laushi ba ya motsi kamar kullum, ko yana fizga, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.

A Indiya da wasu ƙasashe mai jego takan sha jiƙon ƙwayar anet don nono ya ƙaru. Uwar da ta ci shi a miya ba zai cuce ta ba. Amma wadda ke ganin nononta ya ragu, abin da zai dawo da shi shi ne ta yawaita sa yaro a nono dare da rana, aƙalla sau 8 a yini, ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, a kuma rage mata daka da ɗaukar ruwa. Ranar awon yara ta gaya wa ungozomar likita, a duba yadda yaron ke kama nono, a ɗora shi a sikeli.